Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Har yau idan na ji mata suna yabon kunyar ɗan fari, zama gagarata yake yi. Sai in tashi in ɗauki tsintsiya in kama share wurin da na riga na share. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, wata shari'a ce da aka yi a Jidda ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ni ce na tsaya a tsakiyarta ina juya magana.

A Jidda aka haife ni, a unguwarmu ta kudancin gari, inda ɗakunan katako da kwano suke manne da juna, in maƙwabciya ta yi atishawa daga ɗakinki za ki yi mata addu'a. Inna kuwa a ƙafa ta zo ita da babana, sai da suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su tsallako teku. Ni ce 'yar farinta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni. In tana ba da labarina ga wata, sai ta ce "waccan mai bakin". Ni kuma na tashi cikin 'ya'yan Larabawa, ina ganin uwa ta tare 'yarta a bakin ƙofa tana sumbata tana jera sunanta, alhali biredi kawai aka aike ta saye. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Na taɓa tambayar Inna, ta ce, "Sunan naki guduwa zai yi in ban kira shi ba?"

Inna ungozoma ce, lokacin aikin hajji kuma tana sayar da waina da kunu a bakin masaukin alhazai na kusa da tashar jiragen ruwa. Can ta tsinto matar da shari'ar ta shafa. Ta gan ta zaune a jikin bango da tsohon ciki, kwana uku a wuri ɗaya, ta ɗaura wani ƙyalle mai gida-gida ja da fari a kai. Mijinta zazzaɓi ya ɗauke shi bayan sun sauko daga Makka, jirginsu kuma ya tafi tana kwance a asibiti. Babu kalma ɗaya da Inna ta haɗa da ita. Hannunta kawai ta kama ta taho da ita gida, tiren waina a ka.

Mutanen Jidda duk wanda ya fito daga wancan gefen duniya Jawa suke ce masa, mu ma muka bi sahu, muna ce mata 'Yar Jawa. Sai da bakinta ya buɗe da Hausa ta gyara mana zama. Ta ce ita ba Jawa ba ce, 'yar Kambodiya ce, Khmer ce uwa da uba, aure ne ya shigo da ita Musulunci. Ta ce a garinsu akwai kogin da in damina ta yi ƙarfi yake juyawa ya koma inda ya fito. Muka yi ta dariya, Inna ta ce, "To ga naki kogin ya kawo ki nan, sai ki jira ya juya." Bai juya ba. Yaƙi ya ci ƙasarsu, wasiƙa ta daina zuwa, kowace shekara ta je bakin tasha tana leƙen fuskokin alhazai ko za ta ga ɗan ƙasarsu, ta dawo da yamma ba ta ga ko ɗaya ba.

A ɗakin Inna ta haihu, 'ya mace. Inna ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗakin, ta yi mata wankan jego kwana arba'in da ruwan zafi da kunun kanwa. Ranar da aka hura gawayi a ƙarƙashin gado don a gasa mata jiki, sai muka ga ta fashe da kuka tana dariya. Ashe su ma haka suke yi wa mai jego a can. Inna ta ce, "Ashe dai mutanen kirki ne."

Wurin da suka saɓa shi ne yarinyar. Baiwar Allah ba ta iya ajiye 'yarta. Ta ɗora ta a kwankwaso da ƙyallen nan nata, ta kafa hanci a kumatunta ta shaƙa, haka suke tasu sumbar, tana yi mata waƙa tana kiran ta a gaban kowa. Matan gidanmu suka sa ta a gaba da tsiya. Wannan ta ce, "Oh, yau ga wadda ta fara haihuwa a duniya." Waccan ta ce, "Ki bar mata kumatun mana, kada ki shanye." Inna ce ta zaunar da ita ta yi mata karatun ta natsu. Ta ce a cikinmu mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban manya, in an yabe shi ta kawar da kai. Ita kuwa ba ta da kowa a duniya sai mu, so take ta zama tamu. Ta koya, ta ma fi 'yan gado iyawa. Da aka yaye yarinyar sai ta koma kwana wurin Inna, tana ce wa Inna "Inna", tana ce wa uwarta "Yaya". Ni kaɗai na san in ta shiga da ita makewayi wanka, tana yi mata raɗa da yarensu.

Zama a Jidda ba ya yiwuwa babu iƙama, iƙama kuma ba ta samuwa babu kafili, wato wanda zai tsaya maka a wurin hukuma. Wani mai kantin yadi a unguwar Bagdadiyya ya tsaya mata, tana yi masa ɗinki a gidansa, ta tafi da safe da yarinyar ta dawo da la'asar. Shi da matarsa ba su taɓa haihuwa ba, kuma tsakani da Allah matar tana son yarinyar. Da ƙyanda ta kama ta, aka ce sai da takardar haihuwa za a kwantar da ita. Mai kantin ya ce a bar masa, ya je ya sa ta a takardar iyalinsa a matsayin 'yarsa. Muka yi ta sa masa albarka. A lokacin dabara ce da mutane da yawa suke yi, babu wanda ya ga ramin da ke ciki.

Yarinyar tana shekara huɗu, wata Alhamis uwar ta dawo ita kaɗai. Ta tsaya a tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ce mai kanti zai kwashe iyalinsa ya koma gabashin ƙasar, ya ce aikinta ya ƙare, halas, yarinya kuma tasa ce, ga takarda. Ita mai raino ce kawai.

Maigidana, wanda yake aiki a wata masana'anta a kudu, shi ya kai ƙara, shi kuma ya shiga da ita ranar zaman farko, don mace sai da namijin da zai shaida cewa ita ce a bayan lulluɓin. Da safen ranar ina tsaye ina jin Inna tana gyara mata mayafi tana yi mata huɗuba. "Gaban alƙali za ki, ba gaban ƙawayenki ba. Kada ki ɗaga murya. In an shigo da yarinyar nan kada ki zabura kamar wadda ba ta da mafaɗi. Ki nuna masa daga gidan mutunci kika fito." Na ji ta sarai. Na san Larabawa, cikinsu na girma, na san yadda za su karanta wannan. Amma hankalina yana wurin neman tasi, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Ni da Inna a baranda aka bar mu. Na auna barandar nan da ƙafa ban san sau nawa ba. Da suka fito, ita ce ta fara zuwa, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ban ba ki kunya ba. Ko kallonta ban yi ba."

Fuskar maigidana na duba, na san ba lafiya. A mota ya ba mu labari. An kawo mata tafinta mai jin yaren Jawa, tunda a takarda an ɗauka Jawa ce, shi yana nasa ita ba ta gane komai. Mai kanti ya kawo maza biyu, mai kawo ruwa da maƙwabcinsa, suka rantse ba su taɓa jin ta kira sunan yarinyar ba, ba su taɓa ganin ta rungume ta ba, yarinyar ma ba ta ce mata uwa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Daga nan alƙali ya sa aka shigo da yarinyar, aka tsayar da ita a tsakiya, ya yi wa matar nuni da hannu cewa in taki ce kira ta. Wata biyu rabonta da 'yarta. Ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Alƙali ya ce ya ba da mako uku a kawo hujja, in babu, takarda ta tsaya, mai kanti ya tafi da 'yarsa.

Garin gyaran gira mun tsone ido. Da muka isa gida ban ko cire mayafi ba na juya kan Inna na ce, "To ga kunyarku nan ta cinye 'yar mutane. Sai ki dafa ta ki ci." Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ba ta hura wutar waina ba, jibi ma haka.

Ni kuwa ƙafata ba ta sake zama ba. A bakin kotu akwai masu rubuta ma'arud, wato takardar koke, kowa da lemarsa da akwatinsa. Cikinsu akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, na je na zube masa komai, ina magana ina kai gwauro ina kai mari har ya ce, "'Yata, zauna mana, kina sa min jiri." Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abu biyu za mu roƙa. Na farko, a bar matar ta yi magana da bakinta, da harshen da take ji. Na ce ai Hausa take ji. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari, ya ce, "'Yar Jawa da yaren Takari. Alƙali zai ce mun sha wani abu." Takari kuwa mu ne, haka ake kiran mutanenmu a can. Na biyu, ya ce a shari'a maganar haihuwa maganar mata ce, ana karɓar shaidar ungozoma a kanta, don maza ba sa shiga ɗakin naƙuda. Ya ce amma koken mace ɗaya a ƙarƙashin tari yake kwana. In matan unguwa za su dangwala yatsa a ƙasan takardar, su ce sun san matar sun san cikin, to dole a ɗaga ta a duba.

Faɗa da baki. Rabin matan unguwarmu ba su da iƙama, ko tasu ta mutu tun tuni. Su ne masu wankau, masu tallar gyaɗa da dafaffen wake, masu share gidajen mutane, rayuwarsu duka a kan kada hukuma ta san da su take. Ni kuma na zo da takarda da tawada ina cewa su sa yatsa a kai wa alƙali. Na bi gida-gida da rana tsaka, lokacin da mazan ba sa nan, gumi yana bin bayana, takardar a cikin littafi don kada ta jiƙe. Wata ƙawata da muka yi wasan ƙasa tare ta saurare ni ta bayan ƙofa, ta ce, "Ki yi haƙuri, ina da 'ya'ya biyar." Na yi fushi da ita shekara guda, yanzu kuwa na san ba ta yi laifi ba. Wata ta ce sai ta tambayi mijinta, na ce, "Da kika zo naƙuda Inna ta tambayi mijinki kafin ta kama ki?" Ta sa yatsan, amma ba ta sake gaishe ni da daɗi ba.

Wadda ta buɗe min hanya wata tsohuwa ce mai wankau, hannunta duk ya tsattsage da sabulu. Ban gama bayani ba ta miƙo babban yatsa ta ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni na wanke zanen haihuwar nan, in sun kama ni su kai ni Kano in ga kabarin uwata." Yatsan nata ma ya ƙi fita sosai, sabulu ya cinye zanen, sai da muka dangwala sau uku. Daga nan ta yafa mayafi ta bi ni, in na yi zafi ita ta yi sanyi. Kafin mako biyu ƙasan takardar ya cika, muka juya bayanta.

Dattawan masallaci suka kira maigidana. Suka ce ya ja wa matarsa kunne, baƙo ba ya ja da ɗan gari, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, in aka zo kame a unguwa saboda wata 'yar Jawa wa zai ɗauki alhaki. Ya dawo ya zauna yana juya kofin shayi. Na ce, "Malam, in hana ni za ka yi ka faɗa, in ji da kunnena." Ya ce, "In na hana ki za ki hanu?" Na ce a'a. Ya ce, "To kada ki sa ni yin maganar banza. Ki dai rage faɗa da mutane a ƙofar gidajensu."

Ita kuwa uwar, kullum gari ya waye sai ta kama hanyar Bagdadiyya a ƙafa. Ta tsaya a tsallaken titi tana kallon tagogin katako na gidan mai kanti. Ba ta ganin yarinyar. Abin da take gani shi ne akwatuna ana fitowa da su ana ɗaurewa. Ta dawo ta ce min, "'Yar'uwa, yau sun fitar da gado." Gobe ta ce sun fitar da keken ɗinki. Ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. Sau ɗaya ta tambaye ni, "Abin da Inna ta koya min, ba daidai ba ne?" Na ce ta sha kununta.

Saura shaidar ungozoma, ita ce ƙashin bayan komai. Takardar Inna ta mutu tun rasuwar babana, shekara da shekaru ko titin da ofishin hukuma yake ba ta bi. Tun ranar da na yi mata rashin kunya ba mu yi wata doguwar magana ba, girman kai ya hana ni roƙonta, tsoro kuma ya hana ni so ta je. Safiyar zama na biyu na fito na same ta a tsakar gida, ta riga kowa shiri, ta sa zanen da take zuwa Idi da shi. Ta ce, "Ke, tsayuwar me kike yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Matan da suka sa yatsa, fiye da rabinsu sun biyo mu, ban roƙe su ba. Suka cika barandar kotu, baƙaƙen mayafai ana ƙanshin sabulu da man gyaɗa, mai gadi yana ta "yalla, yalla" babu wadda ta motsa. Aka shigar da mu uku, ni da Inna da uwar yarinya, maigidana da dattijon Sudan suka shaida mu. Alƙalin tsoho ne siriri, fanka tana kaɗa takardun gabansa yana danne su da hannu. Ya karanta koken, ya juya bayansa, ya daɗe yana kallon yatsun. Ya ce wace ce za ta yi tafinta. Na ce ni ce, na yi makarantar 'yan mata shekara huɗu. Ya sa na rantse ba zan ƙara ba ba zan rage ba.

Sai matar ta buɗe baki. Shekara huɗu ina tare da ita ban san tana da magana haka ba. Ta faɗi jirgi, ta faɗi mijinta, ta faɗi bangon da Inna ta same ta, ta faɗi ƙyanda da takarda, da Hausarta mai lanƙwasa, ni kuma ina zubawa da Larabci. Mai kanti ya ce Takari ne suka kitsa mata. Alƙali ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi nasa, yau ranar tata ce.

Aka kira Inna. Magatakarda ya ce ina takardarta. Alƙali bai ɗago ba, ya ce maza biyu sun shaida ta, a ci gaba. Inna ta faɗi ranar haihuwa, ta faɗi tawadar Allah da ke bayan cinyar yarinyar ta hagu, ta ce mabiyiya tana binne a bayan ɗakinta, in ana so a je a tona. Aka sa wata mata ta duba cinyar a wani ɗaki, ta dawo ta ce haka ne. Mai kanti ya ce duk wadda ta yi wa yaro wanka ta san wannan.

Alƙali ya sa aka shigo da yarinyar. Ta rame, an sa mata sabuwar riga mai fure, matar mai kanti tana riƙe da hannunta. Ya dubi Inna ya ce, ni kuma na juya mata da Hausa: "Ya hajja, na ji ki. Amma da idona na ga an tsayar da yarinyar nan, matar nan ta juya mata baya. Wace uwa ce a duniya za ta yi wata biyu ba ta ga 'yarta ba, a ce ta kira ta, ta ƙi?"

Inna ta ce, "Ni."

Na juya masa da Larabci. Ya ce bai gane ba.

Ta ce, "Gaya masa al'adarmu ce, ɗan fari ba a kiran sunansa. Gaya masa ni na koya mata, da safen ranar ma sai da na ja mata kunne. Gaya masa wannan da take juya masa maganata, ita ce 'yar farina. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin sunanta a bakina."

Dole na faɗi wannan da bakina, da Larabci, a gaban maza, na ce wannan mai fassarar 'yarta ce ta fari. Alƙali ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Kina ƙarƙashin rantsuwa. Gaskiya ne?" Na ce wallahi gaskiya ne, ko sau ɗaya. Ya ce ko da kina ciwo? Na ce ko da ina naƙuda, ita ta karɓi haihuwata, "ke" take ce min. Ya juya ga Inna ya ce, "To mene ne sunanta?"

Na juya mata tambayar. Matar da ta shigo kotu babu takarda ba ta ji tsoro ba, sai ga shi ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Alƙali yana kallonta, sannan ya kalli 'yar Kambodiya, ya sake kallon Inna. Irin juyin kan nan ne da ya gani mako uku da suka wuce, babu bambanci, na ga ya gane.

Da a nan aka tsaya ma ya isa. Amma Inna ta ɗago, ba alƙali ta kalla ba, matar ta kalla. Ta ce, "'Yar nan, ni na ɗaure ki, ni zan kwance ki. Ki ji." Sai ta juyo gare ni ta kira sunana. Cikakkensa, yadda liman ya raɗa shi, a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Alƙali yana jira in fassara. Babu abin fassarawa, kuma ko akwai ba zan iya ba.

Inna ta ce mata, "Saura ke. Kira abarki."

Ta durƙusa a kan tabarmar kotu ta kira. Ba sunan takarda ba, sai wanda take raɗa mata a makewayi da yarensu. Yarinyar ta tsaya kamar ba ta ji ba, sai ta zare hannunta a hankali ta taho, tana zuwa ta miƙa kumatu. Uwar ta kafa hanci ta shaƙa, ta sake shaƙa. Matar mai kanti ta fashe da kuka, kuma na ji tausayinta, har yau ina ji.

Alƙali ya ba uwa 'yarta a ranar. Gyaran takarda kuwa sai da ya ci mu shekara biyu ana zirga-zirga, wannan wani labarin ne. Da muka fito, matan baranda suka taso, tsohuwa mai wankau ta fara guɗa mai gadi ya hana ta. 'Yar Kambodiya ta ɗora yarinyar a kwankwaso, ƙatuwa da ita, tana shaƙar kumatunta a tsakiyar titi, babu wadda ta ce mata kanzil.

Ni ina baya, kusa da Inna, ina tafe ina satar kallonta. Na ɗauka an buɗe ƙofa ke nan. Muna isa bakin titi ta ce, "Ke, tsayar mana da mota, ƙafata ta gaji."

Ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ba ta sake ba. Ban roƙe ta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. A ciwonta na ƙarshe ni ce a kanta, ni da 'yar Kambodiya muna karɓa-karɓa. Ranar da za ta cika, da hantsi, ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, leɓenta yana motsi. Na kai kunnena kusa, ni da furfurata.

Ta ce, "Ke, ba ni ruwa."

Na ba ta.